Kurar Tong da Ta Fito Saniya

Shekara talatin da bakwai Tong Baoshan ya yi yana gyaran tsofaffin ƙasusuwa a gidan tarihin gundumarmu, kuma a tsawon shekarun nan cikinmu duka ma'aikatan gidan shi kaɗai ne sunansa ya taɓa shiga cikin gilashi. Ni na rubuta sunan da hannuna, domin aikina ke nan, rubuta katunan bayanin da ake jinginawa gaban kayan kallo. Katin yana ƙarƙashin ƙoƙon kan wata kura da ta mutu tun zamanin da giwaye masu gashi ke kiwo a inda muke shuka masara yanzu. Layi uku na bayani ne, na huɗu kuma ya ce Tong Baoshan ne ya haɗa ta. Wannan layin shi ne abin da yake da shi a duniya bayan matarsa da kekensa.

Ɗan kafinta ne daga wani ƙauye na bakin kogi. Abin da ya gada wurin ubansa ba gona ba ce, dahuwar gam ce. A yanka fatar saniya siri-siri, a jiƙa ta kwana biyu, a ɗora tukunya cikin tukunya don kada wuta ta taɓa ta kai tsaye, a yi ta juyawa har ta narke. Yana da shekara ashirin da biyu aka ɗauke shi aiki don ya riƙa gyara akwatuna, sai tsohon mai gyaran ƙashi na lokacin ya lura da hannunsa, ya janye shi wurinsa.

Mu a nan ƙashi ba ya wuyar samu. Duk shekara idan ƙanƙarar kogi ta narke, ruwa ya ci gaɓa, baƙar ƙasa ta zabtaro, sai ka ga ƙahon ɓauna ko haƙorin karkanda ya leƙo. Manoma su aiko, a je a ɗauko. Matsalar ita ce da zarar ƙashin ya sha iska ya bushe, sai ya fara tsagewa yana zubar da gari. Maganin da Tong ya sani shi ne gam, kuma ba shafawa yake yi a sama-sama kamar sauran masu gyara ba. Yakan tsinka gam ɗin ya zama kamar shayi, ya tsoma ƙashin ciki da ɗuminsa har kumfa ta daina tasowa, ya fitar ya shanya, ya sake tsomawa. Sau uku. Yakan ce ƙashi ma ƙishirwa yake ji.

Kurar nan a buhun taki aka kawo masa ita, gutsure ɗari da goma sha huɗu. Sanyin shekara biyu ya ƙarar a kanta. Da ya gama, ta fito tana sheƙi kamar gasasshiyar agwagwa, baki a buɗe, ga manyan haƙoran da take fasa ƙashi da su a jere. Tun daga nan kowa yake kiransa Tong Shifu, kiran da muke yi wa wanda hannunsa ya nuna a sana'a. Har darakta haka yake kiransa.

Miao Guilan kuwa ta zo mana ne bayan an rufe masana'antar sukari, lokacin da aka rarraba ma'aikatanta wurare. Aka ba ta tsintsiya da makullin ɗakin ajiya na baya, wanda bututun ɗumama gida bai kai shi ba. Mace ce gajera mai ƙaramar murya, kullum da kwalbar shayi a aljihun riga. Da gwiwar Tong ta fara ciwo ya daina zuwa bakin kogi, sai ita ke hawa bas ta je. Ba ta san komai a kan ƙashi ba, ba ta kuma ɓoye hakan. Abin da ta tarar a gaɓa, da laka da komai, haka take naɗe shi a tsohuwar jarida ta tura cikin kwalin tuffa, ta rubuta a guntun takarda gonar wane ne, zurfin nawa, wace rana. Rubutun sabon masana'anta ne, inda ta shekara goma sha biyar tana liƙa wa buhunan sukari lamba. Wankewa kuwa ba ta yi. Ta ce tsoro take ji kada abu ya narke a hannunta.

Tong yakan shiga ɗakin nata sau ɗaya a wata, ya ɗaga murfin kwali da yatsa ɗaya, ya zaɓi abin da zai yi kyau a gilashi, ya bar mata sauran. Sunan ɗakin a bakinsa rumbun dankali, ita kuma 'Yar Sukari, har ta yi furfura sunan bai canja ba. Ita dai sai ta ce to, Tong Shifu. Ba gaba suke yi ba. Bai ɗauke ta da muhimmancin da zai yi gaba da ita ba.

Saura wata takwas ya yi ritaya Dakta Shao ta zo daga wata jami'a ta babban birnin lardi, tana neman ƙasusuwan kura. Darakta Leng ya kai mu gidan abincin da ke kallon tashar bas, aka cika tebur da nama da kabejin tsami da kunun masara, aka zaunar da Tong kusa da baƙuwa. Nan ta yi mana bayani. Ta ce nama ya ruɓe tun tuni, amma cikin ƙashi da haƙori akwai wani furotin da ke iya jure dubban shekaru idan ƙasa mai sanyi ce irin tamu. Ana niƙa ɗan gari kaɗan, na'ura ta karanta jerin da furotin ɗin yake da shi kamar yadda ake bin layin rubutu. Na kura daban, na kare daban, kuma tsakanin kura da kura ma akwai 'yan wuraren da suke saɓawa, daga nan ake gane wa ya rabu da wa. Abin da take son sani shi ne ko kurarmu 'yar ɗaki ɗaya ce da mai dabbare-dabbaren nan ta Afirka, ko kuwa dangi ce ta nesa da ta kama hanyarta tun da daɗewa.

Darakta ya tambaya wane irin abu ne furotin ɗin. Sai ta nuna farantin daskararren romo da tsinken cin abincinta, ta ce shi ne abin da ke sa wannan ya kama jikinsa idan ya huce.

Tong ya yi dariya har ya buga tebur. Ya ce ashe abin da suke yi wa dogon karatu ke nan, shi tun yana ɗan shekara tara yake dafa shi. Ya kwashe labarin tukunya cikin tukunya da tsomawa sau uku ya ba ta, yana kwatantawa da hannu. Na lura ta ajiye tsinkenta a bakin kwano, ba ta ƙara ɗauka ba. Ta tambaye shi a hankali ko har haƙoran ya tsoma. Ya ce har su. Ta ce to, za ta huda can cikin saiwar babban haƙori, wataƙila gam bai kai nan ba.

"Dakta," in ji Tong, "ki tambayi kowa a garin nan. Babu inda gam ɗina ba ya kaiwa."

Gaskiya ya faɗa. Bayan wata biyu takarda ta zo. Darakta Leng mutum ne mai son karanta takarda a gaban taro ba tare da ya fara dubawa shi kaɗai ba, don haka a gabanmu mu goma sha ɗaya ya karanta cewa an gwada garin haƙorin sau uku, kuma sau ukun na'ura ta ce saniya ce. Furotin ɗin fatar da aka dafa ya cika kowace kafa ta ƙashin, ya danne ɗan abin da ya rage na kura har ba a iya tsince shi. Mai gadi ne ya fara dariya, ya yi sauri ya mai da ita tari.

Garinmu ƙarami ne. Kafin mako ya zagayo, a lambun da tsofaffi ke buga dara, Tong na zama sai wani ya yi kukan saniya ƙasa-ƙasa ta bayansa. Mai gidan abinci ya tambaye shi ko a zuba masa naman kura, yau an yanka mai ƙiba. Ƙanen matarsa ya ce a kai kurar kasuwar dabbobi, ko ba ta ba da madara ai za ta ja garma. Tong ya daina zuwa dara. Amma wannan duk kunya ce, kuma ya iya haɗiye kunya. Abin da ya tsaya masa a wuya yana gaba.

Dakta Shao ta bugo waya tana tambaya ko akwai wani ƙashin kura a gidan wanda gam bai taɓa ba. Darakta ya dubi Tong. Tong ya ce duk abin da ya isa a kira shi ƙashi ya bi ta tukunyarsa. Sai Miao daga bakin ƙofa, da tsintsiya a hannu, ta ce akwai wani muƙamuƙi mai haƙora uku a kwali na sittin da biyu, daga gaɓar gonar su Hu, shekara goma sha biyu da suka wuce. Ta ce ta nuna wa Tong Shifu a lokacin ya ce na kare ne, amma ita ta ga haƙorin ya yi wa kare kauri, shi ya sa ba ta zubar ba.

A tsakiyar sanyi Dakta ta dawo. Muka cunkushe a rumbun dankali, numfashinmu na hayaƙi. Ta sa safar hannu ta warware jaridar, sai ga wani dunƙulen baƙar laka, haƙora uku sun leƙo ta sama. Ba wanda zai tsaya kallonsa a hanya. Ita kuwa ta daɗe a sunkuye a kansa. Daga nan ta ɗauki guntun takardar Miao ta karanta a fili, gona da zurfi da rana, har da cewa a ƙarƙashin yashi mai ruwan toka aka same shi. Ta ce ta zaga gidajen tarihi da yawa ba ta ga ajiya irin wannan ba, ba ruwa, ba gam, ba zafi, ga kuma takarda. Ta kama hannun Miao da hannu biyu, ta kira ta Malama Miao.

Tong yana tsaye a waje bai shigo ba. Da aka watse ya biyo ni ofis ya tura ƙofa. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba. Ya nuna mini yatsunsa, duk tabon ƙuna, ya nuna mini idonsa na hagu da ya shanye saboda kallon tsaga. Ya ce shi ya tashi matacciyar dabba daga buhun taki, ita kuma me ta yi? Ba ta yi komai ba, kuma rashin yin komai ɗin ne aka yaba.

"Malama," ya ce mini. "Ka ji ko, Lao Duan? Malama. Don ta ji ƙyuyar wanke laka."

Na ce masa ai ba ita ta kira kanta ba. Ya ce shi ne ma abin da ya fi ba shi haushi, da ma ta yi fahariya da ya san ta inda zai kama ta.

Daga ranar ya fara ganin Miao, shi da ya shekara ashirin yana wuce ta kamar ginshiƙi. Ya lura ta sake gyalen wuya, ya ce don hoto ta saya. Ya lura darakta ya fara gaishe ta kafin shi. Ya lura mai gadi yana cika mata kwalbar shayi da ruwan zafi. Matarsa ta tare ni a kasuwa ta ce mu yi wani abu a kai, tun safe har yamma ba zancen da yake yi a gida sai na matar nan, da ba don ta san Miao ba da ta yi zargin wani abu daban.

Ana cikin haka sai aiki ya tsaya. Dakta Shao ta kusanto da na'urar hudawa ke nan wani ɓallin ƙashi ya faɗo. Muƙamuƙin ya bushe kamar tsohon biskit. Ta ce sai dai a zare haƙori ɗaya ɗungurungum daga cikin lakar, ba ruwa, ba gam, kuma ta faɗi gaskiya cewa ita ba ta da hannun yin haka. Kowa ya san mai hannun. Ranar Litinin darakta ya roƙe shi, ya ce idonsa ya yi rauni. Ranar Talata ya ce gwiwa. Da darakta ya matsa, sai ya ce a tambayi Malama mana. Dakta kuma ranar Juma'a za ta tafi, in ba haƙori za ta wuce wata gundumar, kurarmu ta fita daga binciken, mu rage da saniya.

Ranar Laraba da hantsi, ba tare da ya gaya wa kowa ba, Tong ya shiga rumbun dankali ya ɗauki kwali na sittin da biyu ya kai ɗakin aikinsa. Na ji daɗi har na fito zan yi masa sannu. A kan hanya warin da na sani ya tare ni. Na leƙa ta gilashin ƙofa: muƙamuƙin yana kan tebur, tukunyar gam kuma tana kan murhu tana tururi, da buroshi a ciki. Na tsaya na rasa abin yi. Shekara talatin muna cin abincin rana tare da mutumin nan.

Miao ta raɓa ta gefena ta tura ƙofa, ta jawo kujera ta zauna kusa da tebur.

"Tong Shifu, gam ya nuna. Tun daga tsakar gida nake jin sa."

Bai juyo ba. Ya ce na ƙafar kujerar darakta ne da ta kwance.

"To," in ji ta. "Da na ɗauka na wannan ne. Ɗigo biyu ma ya isa, ai ka ji abin da Dakta ta ce. Ba mai ganewa sai an kai birni, a ce ita ma saniya ce, shi ke nan mun zama ɗaya. Ni ba zan faɗa ba. Lao Duan da ke laɓe a bakin ƙofa ma ba zai faɗa ba."

Tong ya ɗago buroshin daga tukunya, gam yana zarara yana komawa ciki. Ya tsaya haka riƙe da shi.

"'Yar Sukari, kin ma san abin da kika ɗauko ranar? Kin san sunan haƙorin nan?"

"Ban sani ba."

"Kin san saiwa nawa gare shi? Kin san ta ina zai tsage?"

"Ban sani ba, Tong Shifu. Shi ya sa ban taɓa shi ba."

Can Tong ya saki buroshin cikin tukunya, ya ce mata ta tashi ta sauke tukunyar ta kai waje, tururin ma yana iya sauka a kan ƙashi, wannan ma sai an koya mata? Ni kuma ya ce in daina tsayuwa kamar turken waya, in je wurin Dakta in karɓo safar hannu.

Daga Laraba zuwa safiyar Juma'a ya yi aikin da sabuwar allurar ɗinki da wani ɗan ƙwallon roba na hura ƙura, don Dakta ta hana shi hurawa da baki. Bai taɓa aiki da safar hannu ba, ya yi ta mita cewa ta makantar masa da yatsu. Ƙwayar ƙasa ɗaya bayan ɗaya yake ɗaukewa. Miao tana riƙe masa fitila, duk inda ta haska ya ce ba nan ba. Ranar Juma'a da misalin ƙarfe goma haƙorin ya fito lafiya lau da saiwoyinsa, ko ƙwarzane babu. Dakta Shao ta ce ba ta taɓa ganin hannu irin wannan ba. Tong bai ce na gode ba. Ya ce ta rubuta wanda ya cire shi. Ta ce za ta rubuta.

Ƙanƙarar kogi na fashewa sakamako ya zo. Kura ce. Dangin mai dabbare-dabbaren Afirka ce, amma da 'yan wuraren da ta saɓa mata, waɗanda Dakta ta ce sai ta gwada da na wasu wurare kafin ta ƙara cewa komai. Ta aiko mana da rahoton. Sunan Miao Guilan yana shafin farko, wadda ta samo ta kuma adana. Tong ya ɗauki madubin ƙara girma ya bi shafi-shafi har ya sami nasa a can ƙarshe cikin jerin godiya, tsakanin direban jami'a da wata mai buga takardu. Ta rubuta ɗin, kamar yadda ta yi alkawari. Ya naɗe rahoton ya ajiye mini a tebur.

Sai Darakta Leng ya kira ni ya ce a yi sabon kati. Muƙamuƙin ba shi da kyan gani, don haka a mai da shi kwali, sabon bayanin kuma a sa shi ƙarƙashin ƙoƙon kai, baƙi su kalli mai kyau su karanta sabon labari. Ya miƙo mini abin da ya rubuta. Bayanin ya yi tsawo, layi na huɗu ya tafi, a gurbinsa sunan Miao. Saura wa Tong kwana ashirin ya bar aiki. Na yi ta jan ƙafa kwana biyu, na ce tawada ta bushe, na ce kati ya ƙare. Rana ta uku Tong ya shigo aron abin fiƙe fensir, takardar tana kan tebur tana kallona, shi kuma ya karanta ta a juye.

Bai ɗaga murya ba a ofishin darakta, ina nan a tsaye.

"Sunanta ba zai zauna ƙarƙashin kurata ba," ya ce. "Idan muƙamuƙinta ne ya yi magana, a fito da shi ya tsaya a gan shi."

Darakta ya ce babu akwatin gilashi na biyu. Tong ya ce shi ɗan kafinta ne. Darakta ya yi ɗan tunani, sai ya kawo sharaɗin da yake zaton zai sa Tong ya janye. Ya ce idan ƙoƙon kai zai riƙe katinsa, dole katin ya faɗa cewa ba shi aka yi gwajin da shi ba, ya kuma faɗi dalili, domin ɗaliban Dakta za su riƙa zuwa. Wato a rubuta zancen saniya a bango, kowa ya karanta. Kunnuwan Tong suka yi ja. Ya ce a rubuta.

Kwanakinsa na ƙarshe a wurin aiki ya ƙarar da su ne yana yi wa kayan Miao gida. Ya samo wata tsohuwar ƙofar katako ya fere, ya haɗa ta tsaga cikin tsaga ba ƙusa. Mugun aiki ba ya fita daga hannunsa ko ya so, don haka akwatin ya fito ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba. Ya yi yini guda yana zagaya shi yana tsaki. Washegari ya kwantar da shi ya yanke wa ƙafafunsa faɗin yatsu uku, don kada ya kai nasa tsawo. Miao ta zo ta duba, ta ce ya yi daidai, ita ma gajera ce.

Katunan biyu a kaina ya tsaya na rubuta su. Nasa shi ya shibta mini: Tong Baoshan ne ya haɗa ta daga gutsure ɗari da goma sha huɗu, an jiƙa ta da gam na fatar saniya, don haka ba ta gwaduwa. Na tambaye shi ko in ƙanƙanta rabin ƙarshen. Ya ce in rubuta shi yadda mai tabarau zai iya karantawa, ba ya son a ce ya ɓoye. Amma da na gama na Miao sai ya zaro ma'aunin kafinta daga aljihu, ya auna sunansa ya auna nata. Girmansu ɗaya. Ya ce nata ya fi cika ido. Na ce haka iyayenta suka raɗa mata, ba ni ba. Ya sa na sake rubuta nasa da tawada mai kauri.

Yanzu shekararsa ta biyu ke nan da ritaya. Miao tana nan, a takarda ita ma ta yi ritaya amma an riƙe ta, don ba wanda ya san kwalayen nan sai ita, yanzu sun haura ɗari biyu. Tong yakan zo duk Asabar da kwalbar shayinsa, ya zauna a bencin da ke tsakanin akwatunan biyu tun buɗewa har rufewa. Mutanen ƙauye da iyalai wurin ƙoƙon kai suke nufa, su yi hoto da bakinta a buɗe, wasu su karanta katin su yi dariya, shi kuma ya kau da kai. Jifa-jifa sai ka ga wasu sun sauko daga bas ɗin birni da littafi a hannu, su wuce kurarsa ko kallo, su sunkuya a kan gajeren akwati. Duka biyun yake ƙirgawa, na sani, don ina ganin leɓensa na motsi. Amma lissafi ɗaya yake faɗa.

Asabar ɗin da ta wuce, dab da rufewa, Miao ta zo tana shara har ta iso bencin.

"Yau talatin da ɗaya," in ji Tong, ba tare da an tambaye shi ba.

"Masu kallon nawa akwatin fa?"

Ya ce bai ƙirga ba. Ta ce huɗu ne, kuma lokacin da ya fita cin abinci ɗaya daga cikinsu ya tambaye ta wa ya cire haƙorin ba tare da muƙamuƙin ya wargaje ba.

"Kika ce wa?"

"Na ce Tong Shifu. Ya rubuta a littafinsa."

Tong ya kurɓi shayi. Sai ya tambaya ko ya rubuta nata ma. Ta ce ya rubuta.

"Wanne ya fara rubutawa?"

"Ɗaga ƙafarka, Tong Shifu," in ji Miao. "Ina so in share wurin."